Musayar 'Yan Wasa da Neman Kofi a Gasar NBA: Nazari kan Cinikin Toronto na 2018

Tsakure

Maƙalar ta duba manyan musayar 'yan wasa guda goma a gasar ƙwallon kwando ta NBA, daga 2004 zuwa 2023, don gano ko kawo gwani yana kai ƙungiya ga kofi. An gano cewa waɗanda suka saura a ƙungiya bayan ciniki sun fi sunan wanda aka kawo tasiri.

Waiwaye

Masu sharhi sun kasu biyu. Wasu na ganin haƙuri da renon matasa ne kaɗai hanya. Da waɗannan ba mu da doguwar magana, tunda Boston da ta ci wasa 24 a kakar 2006/07 ta kawo Kevin Garnett da Ray Allen, ta ci 66 ta kuma ɗauki kofin 2008. Jayayyarmu da ɓangare na biyu ce, masu cewa gwani ɗaya ya isa, don haka a ba da duk abin da aka nema a kansa. Hujjarsu kullum Kawhi Leonard ce: ya zo Toronto, ya yi kaka ɗaya, ya ɗaga kofi, ya tafi. Labarin na da daɗin ji, amma an yanke masa kai da ƙafa. Da wannan tunani Brooklyn ta miƙa wa Boston damarta ta zaɓen sabbin 'yan wasa a 2013, damar da ta samar wa Boston Jaylen Brown da Jayson Tatum.

Hanyar bincike

An zaɓi ciniki shida da kofi ya biyo bayansu (Rasheed Wallace 2004, Garnett 2007, Pau Gasol 2008, Leonard 2018, Anthony Davis 2019, Jrue Holiday 2020) da huɗu da bai biyo ba (Brooklyn 2013, Paul George 2019, James Harden 2021, Kevin Durant 2023). A kowanne an duba abin da aka bayar da wanda aka riƙe.

Sakamako

Toronto ba ƙungiyar da ke neman agaji ba ce. A kakar 2017/18 ta ci wasa 59, ita ce kan gaba a yankin Gabas, sai dai Cleveland ta LeBron James ta share ta da ci huɗu babu ko ɗaya a zagayen fitar da gwani. Shugaban Toronto na lokacin, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya sallami koci Dwane Casey ya ɗora Nick Nurse. A watan Yulin 2018 ya tura DeMar DeRozan da Jakob Poeltl da damar zaɓe ɗaya zuwa San Antonio, ya karɓo Leonard da Danny Green. Kasada ce babba: wasa 9 kacal Leonard ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa.

Abin lura shi ne waɗanda Ujiri bai sa a cinikin ba. Kyle Lowry na nan, Serge Ibaka na nan, haka Fred VanVleet wanda ba a ma zaɓe shi ba ranar zaɓen matasa, da Pascal Siakam ɗan Kamaru da aka ɗauka na 27 a 2016. Saboda su ne aka iya hutar da Leonard. Wasa 60 ya buga cikin 82, kuma a 22 ɗin da yake benci Toronto ta ci 17. A Fabrairun 2019 aka ƙaro Marc Gasol daga Memphis, dogo mai iya tsayawa gaban irin su Joel Embiid na Philadelphia.

Ba a musa gwanintar Leonard. A wasa na bakwai da Philadelphia a zagayen fitar da gwani, ana 90 da 90, ya tsere zuwa kusurwar dama ya jefa ƙwallo ta saman Embiid. Ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando, shi kuwa yana tsugune yana kallo, kafin ta faɗa. Amma a wasan farko na jerin wasannin ƙarshe da Golden State, Siakam ne ya zuba maki 32.

Sauran misalan gajeru ne. Detroit ta samu Wallace ba tare da ta taɓa ginshiƙanta ba. Phoenix kuwa ta ba da Mikal Bridges da Cam Johnson da damar zaɓe huɗu kan Durant, ba ta wuce zagaye na biyu ba. Clippers ta sallama Shai Gilgeous-Alexander don samun George. Akuyar da aka sayar ta dawo tana cin danga, domin Gilgeous-Alexander ne ya jagoranci Oklahoma City zuwa kofin 2025.

Iyakar binciken

Goma ba adadi ne mai yawa ba, kuma sanannun ciniki aka zaɓa. Lakers ta kwashe matasanta kan Davis ta kuma ci kofin 2020, wanda ya saɓa wa ra'ayinmu, ko da yake LeBron ya riga ya koma Lakers, kuma ba kowa ke da irinsa a gida ba. Za a kuma ce raunin Durant da Klay Thompson, 'yan wasan Golden State a lokacin, ya sauƙaƙa wa Toronto wasan ƙarshe. Haka ne. Sai dai bayan Leonard ya koma Clippers a Yulin 2019, Toronto ta ci wasa 53 cikin 72 a kakar da ta biyo baya, ta zo ta biyu a Gabas.