Ɗan Kama da Magadansa

A shekarar 1995 Opa Williams ya fara shirya taron barkwanci mai suna Night of a Thousand Laughs a Legas, kuma daga nan ne sana'ar mutum ɗaya da makirufo a kan dandamali ta kafu a kudancin Najeriya. Mutane su sayi tikiti, su zauna, wani ya fito ya yi ta magana har su yi dariya. Ali Baba, wanda ake ɗauka uban wannan sana'a a can, ya kai matsayin da yakan tsokani Shugaba Obasanjo a gaban idonsa, shugaban yana dariya. Matasanmu da ke kallon irin waɗannan a waya sukan ce Bahaushe bai san wannan sana'a ba, wai mu sai wasan kwaikwayo. Sun manta da ɗan kama.

'Yan kama masu yawo ne, daga kasuwa zuwa gidan biki, daga gidan suna zuwa ƙofar attajiri. Jarinsu baki ne da murya da ɗan kiɗa, kuma kusan duk wasansu a kan abu ɗaya yake kewayawa, wato abinci. Ɗan kama zai gyara zama kamar malamin da zai buɗe karatu, ya ɗaure fuska, ya ɗauko muryar jan baƙi da ta fassara, kai ka rantse wani babban littafi zai karanto. Sai ka ji babin tuwo ne, fasalin miyar kuka, da saɓanin da ke tsakanin masana a kan man shanu. Ko kuma ya ɗauki waƙar da wani shahararren makaɗi ya yi wa sarki ko attajiri, ya bar karin yadda yake, ya cire sunan ubangidan ya sa fura ko ƙosai a gurbinsa. Kirarin da aka yi wa mai doki da rawani sai ya koma kan malmala. Wani Baturen Ingila, C.G.B. Gidley, ya ga abin ya isa nazari, har ya buga maƙala a kan 'yankamanci a 1967 a mujallar African Language Studies ta Landan, inda ya kira shi sana'ar masu barkwancin Hausa.

A ganina zaɓen abinci dabara ce babba. Mutumin da ya fito bainar jama'a ya nuna cewa shi ba abin da ke gabansa sai cikinsa, ya riga ya zubar da girmansa da hannunsa, a ƙasar da kunya da kawaici suka hana babba cin abinci a kan hanya. Wanda ya kai kansa ƙasa haka, me ya rage a ƙwace masa? Daga wannan ƙasan ne yake ɗago kai ya taɓa na sama. Idan malami ya ji haushi, amsar a shirye take: ai mayunwaci ne ke sambatu. Amma kowa a wurin ya gane cewa an nuna masa yadda wasu masu rawani ke karatu ido na kan akushi, da yadda maroƙi ke iya yi wa kowa kirari iri ɗaya in dai za a ba shi. 'Yan gambara, 'yan uwansu a sana'a, sun bi hanyar batsa da zambo kai tsaye, shi ya sa ake gudun bakinsu. Ɗan kama ya fi su wayo.

Wannan izini na taɓa manya yana da tushe a al'ada. Akwai wawan sarki a fada, wanda ke faɗin abin da waziri ba zai iya ba. Akwai wasan barkwanci tsakanin Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, da tsakanin jika da kaka. Akwai tashe a watan azumi, inda yara ke kwaikwayon tsoho da malami, Nalako kuma ya bi gwauraye a Kano. Kowanne da ƙa'idarsa: an san wanda zai yi, an san wanda za a yi wa, an san lokacin. Ɗan kama ne ya mai da abin hanyar cin abinci, kuma ya biya farashi. Ana lissafa shi cikin maroƙa, a yi dariyarsa da rana, idan ya aiko neman aure da dare a ce a ba mu lokaci mu yi shawara.

Mai irin wannan sana'a yana bin kuɗi ne, kuma a kudancin Katsina kuɗi na da lokacinsa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtua ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kamfanin BCGA kuma ya kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi. Da kaka ta yi, manomi ya kai audugarsa fuloti aka auna aka biya shi, sai a shiga bukukuwan aure da dambe da kokawa, makaɗa da maroƙa da 'yan kama su yi ta zagaya garuruwa. Ba banza ba Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya zauna Bakori sannan ya tare a Funtua har ƙarshen rayuwarsa a 1999. Ƙasar auduga ce ke iya ɗaukar nauyin mawaƙi irinsa, kuma inda babban mawaƙi ya yi suna, mai juya waƙa ya sami kayan aiki, domin kwaikwayo ba ya ba da dariya sai jama'a sun haddace na asali. Da damina kuwa kowa na gona, aljihu ya bushe, mai barkwanci ma sai ya ɗauki fartanya.

A irin wannan fili ake koyon aikin. Taron kasuwa ba su sayi tikiti ba, ba abin da ya ɗaure su. Idan magana ta yi sanyi, mai buhu ya ɗauki buhunsa ya wuce. Dole mai wasa ya san inda zai ja numfashi kafin ya saki kalmar da ke ɗauke da dariyar, ya san wanda zai tsokana a cikin taron ya ɗauka da wanda zai tsokana a tashi baram-baram, ya kuma riƙe fuskarsa, domin malamin tuwo da ya fashe da dariya ya rushe karatunsa. Sakamakon kuma nan take yake fitowa, ko a jefo kwabo ko a watse. Masu barkwancin dandamali na Amurka da Ingila sukan shafe shekaru suna gwada zance ɗaya a ƙananan kulob kafin su kai shi babban zaure. Kasuwannin ƙauye su ne kulob ɗin ɗan kama.

Rediyo da talabijin na Kaduna, da aka buɗe a 1962, sun sauya tsarin. Mai ban dariya ya sami albashi da suna, ya kuma koma ɗan wasa a cikin labari. Usman Baba Pategi, Banufe da ya yi aikin soja, ya zama Samanja Mazan Fama, yana kwaɓa Hausar bariki da Turanci yana muzurai. Ƙasimu Yero ya yi Karambana. Gwanaye ne, kuma Samanja ya yi abin da ɗan kama zai yaba, ya sa talaka dariyar kaki a zamanin da masu kaki ke mulki. Sai dai gidan na gwamnati ne, iyakar tsokanar tana hannun mai biyan albashi. Ƙasimu ya rasu a 2017, Samanja a 2023.

Magajin ɗan kama na haƙiƙa, a wurina, Rabilu Musa Ɗan Ibro ne, mutumin Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa a Kano. Ya yi aikin gandiroba kafin ya koma fim, ya zama sarkin abin da ake kira camama, finafinan barkwanci masu araha da 'yan birni ke rainawa amma kaset ɗinsu ya fi na kowa shiga ƙauyuka. Dubi kayan aikinsa: ya mai da kansa sakarai, matsoraci, makwaɗaici, sannan ya ɗauki abin da duniya ke ji da shi ya juya shi. Ya yi Ibro Awilo, ya yi Ibro Usama, ya yi ta ɗaukar karin waƙoƙin da suka yi tashe yana cusa musu shirme. Wannan 'yankamanci ne da kyamara.

Abin da bai gada ba shi ne garkuwar. A watan Oktoban 2008, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya kwana a ɗakin da ya saba kullewa. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014. A Nuwamban 2022 kuma wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan Gwamna Ganduje. Maganar ɗan kama iska ce, tana ƙarewa da tashin kasuwa, kuma waɗanda suka ji ta sun san matsayin mai faɗinta. Maganar da aka naɗa tana zama hujja a gaban alƙali, tana kuma isa kunnen wanda bai san wasan Bakatsine da Banufe ba.

Waya ta buɗe ƙofa ga kowa, yaro a Ƙafur ko Ɗanja zai iya yin suna ba tare da ya taka Kano ba. Amma mu masu rubuta manhaja mun san abin da injin ke ƙirgawa: daƙiƙa nawa ka tsaya, ka tura wa wani ko ba ka tura ba. Ba ya jin dariya. Bidiyon da ya ba ka haushi da wanda ya sa ka riƙe ciki duk ɗaya ne a lissafinsa, shi ya sa ihu da faɗuwa da shigar mata suka yi yawa, ginin zance a hankali ya yi ƙaranci. Yaron yana yin wasansa ne a gaban gilashi, ba wanda zai ɗauki buhu ya wuce ya koya masa cewa ya ja magana da tsawo.

Inda har yanzu ake tsayawa gaban mutane masu rai a nemi dariyarsu shi ne wurin dinar biki. Mai gabatarwa da makirufo a zauren taro a Funtua ko Malumfashi yana tsokanar abokan ango, yana zolayar dangin amarya, yana auna fuskar surukai kafin ya ƙara wata. Ana yi masa liƙi idan ya burge, hayaniya ta rufe muryarsa idan ya gaza. Kuma har yau, kamar zamanin fuloti, aikinsa ya fi yawa bayan an kai amfanin gona gida.