Burtali da Dokokin Gwamnati

Jama'a, mu a Gidigir kasuwarmu da bisashen Fulani, Buzaye da Tubawa ta ke ci. A 1961 gwamnati ta ja iyakar noma, ta bar wa makiyaya arewa. To, farin 1973 da na 1984 suka karkashe garkuna, rairayi ya binne gonaki, sai aka shiga nome burtali, mu ma da hannunmu ciki. Dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin makiyayi a mazauninsa, ta 2010 kuma ta tabbatar masa da yawon kiwo. Amma har yau, in kaka ta yi, ƙarar ɓarna ke cika ƙofar maigari. Wanda ya cinye burtalin kuwa, da wuya a kira shi.