Gizo-gizon Cikin Gida A Gadarif: Wanne Ne Cizonsa Ke Da Haɗari?

Gizo-gizo ƙafafunsa 8 ne, ba shi da fukafuki, jikinsa kashi 2. Sunansa ne Suratul Ankabut, sura ta 29, ta ɗauka. Mafi yawan waɗanda ake gani a gidajen Gadarif, musamman da damina, ba sa cutar da mutum. Mai siraran dogayen ƙafafu da ke saƙa yana a kusurwar ɗaki da ɗan ƙaramin mai tsalle a bango ƙwari suke ci, har da sauro da ƙuda.

Wanda ya kamata a sani shi ne mai ruwan ƙasa, mai ƙundumemen ciki, da tabo ja ko ruwan lemo a ƙarƙashin cikin. Jakar ƙwansa tana da tsini-tsini kamar ƙarangiya. Yakan ɓuya ƙarƙashin kujera, bayan buhunan dawa da riɗi, ko cikin takalmin da aka daɗe ba a sa ba. Ba ya neman mutum, sai an matse shi yake cizo. Cizon yana zafi, wani lokacin da zufa da murɗawar jijiya.

Ƙurajen da ake cewa fitsarin tautau ne, galibi wani ƙwaro ne daban ko ciwon fata.

In an ciji mutum, a wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure. Yaro, ko wanda cikinsa ya ƙulle, numfashi ya yi masa wuya, ko wurin ya fara baƙi, a garzaya da shi asibiti.