Mai Dubun Nasara: Waƙar da Ta Fi Mai Ita Daɗewa

Maƙalarmu ta wannan mako a kan waƙar da kusan duk Bazamfare ya tashi yana ji ce, wato "Mai Dubun Nasara" ta Alhaji Musa Ɗanƙwairo.

An haifi Ɗanƙwairo a ƙauyen Ɗankadu na ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20. Kiɗa gado ne gare shi: mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Kayan Maradun ne, yayansa Abdu Kurna ma ya yi suna. Da kiɗan noma ya fara kafin ya koma na fada. A wancan zamani yankinmu cike yake da gwanaye, don a Talata Mafara ma ga Sa'idu Faru yana waƙe Sarkin Kudu Maccido.

Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa tun 1954, shi aka yi wa waƙar. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, amma har yau ana jin ta a rediyo da wayoyin matasan da ba su riski ko ɗayansu ba.

Me ya raya ta? Ban da darajar Sardauna, akwai aikin ƙungiya. Jagora ya kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe, wasu su ƙara, kotso na biye, sannan duka a koma gindin waƙa. Wannan komawar ce ke sa ta zauna a kan mai sauraro. Murya ɗaya ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba.

Haka abin yake a Amurka zamanin manyan ƙungiyoyin busa na kiɗan suwin. Ƙungiyar Glenn Miller ta ɗauki "In the Mood" a faifai ranar 1 ga Agusta 1939, ita ma kan wani ɗan sautin da ake ta maimaitawa aka gina ta. Miller ya ɓace a jirgin sama a Disamba 1944, amma ƙungiya mai sunansa ta ci gaba da kaɗa ta, kamar yadda 'ya'yan Ɗanƙwairo suka riƙe kotson gidansu.

Bambancin shi ne su sun rubuta ranar ɗauka da sunan kowane mabushi. Tamu kuwa tana yawo daga waya zuwa waya da sunan mutum ɗaya, kamar babu waɗanda suka riƙe amshin. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi namijin ƙoƙari kan tarihin makaɗanmu, saura namu. Dattawan da suka ga ƙungiyar da idonsu suna nan Bakura da Maradun, kuma kullum raguwa suke. Duk mai kaka ko kawu a cikinsu, ya zauna da shi da biro da takarda tun yana iya ba da labari.

Allah ya jiƙan magabatanmu.