Hikima a Bakin Yaro: Nazarin Maganganun Ban Dariya na Yara Maza a Gidajen Matamaye

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci maganganun ban dariya da yara maza 'yan shekara uku zuwa bakwai suke yi a cikin gida a Matamaye, jihar Damagaram ta Nijar. An kasa su gida biyar bisa abin da ke haifar da su. Nazarin ya nuna cewa yaro kan kama wata ƙa'ida ta harshe ko ta zaman gida, ya bi ta har ya wuce inda manya suka tsaya, kuma a nan dariya take fitowa. Ya kuma nuna cewa dangantakar yaro da wanda ya faɗa wa maganar ita ke yanke hukunci: a yi dariya ko a tsawata.

1.0 Gabatarwa

Matamaye ita ce hedikwatar gundumar Kance, kusa da iyakar Najeriya ta ɓangaren Daura. Jama'arta manoman gero, dawa, wake da gyaɗa ne, ga kuma rake da kayan lambu a fadamu. Gidajen gandu suna da yawa, inda yaro ke tashi tsakanin iyaye, kakanni, baffanni da gwaggwanni. A irin wannan gida magana ɗaya ta yaro takan zagaya ɗaki-ɗaki, a kai ta gidan suna, wani lokaci ta zame masa laƙabi har tsufansa.

Manazarta adabin bakan Hausa sun tattara tatsuniyoyi, kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa, wato abin da manya suka tanadar wa yara ko yara suka gada. Wannan maƙala ta juya ga abin da yaro ya ƙaga da kansa, wanda ba a cika rubutawa ba, domin ana ɗaukarsa shirmen ƙuruciya.

2.0 Waiwayen Ayyuka

A 1926 masanin halayyar yara Jean Piaget, ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana yadda ƙananan yara ke ɗaukar rana, wata da iska a matsayin masu rai da nufi. A 1928 marubucin Rasha Kornei Chukovsky ya fitar da littafi kan maganganun ƙananan yara, inda ya nuna gwanintarsu ta ƙirƙirar kalmomi. A 1958 Jean Berko ta yi gwaji a Amurka: ta nuna wa yara zanen wata halitta mai sunan ƙirƙira, suka ba ta jam'in sunan bisa ƙa'idar harshensu, alhali ba su taɓa jin kalmar ba. A ƙasar Hausa, binciken Enid Schildkrout a birnin Kano cikin shekarun 1970 ya nuna cewa yara ne ke sada matan kulle da duniyar waje, ta hanyar aike da talla.

3.0 Hanyar Nazari

Misalan da aka kawo irin waɗanda iyaye mata da kakanni ke maimaitawa ne a hirar gida. An sakaya sunaye. An dubi kowace magana ta fuska uku: ƙa'idar da yaron ya bi, wanda ya faɗa wa, da martanin da ya samu. An taƙaita ga yara maza ne saboda matsayinsu na 'yan tsakani. Yara mata ma suna da tasu azancin, amma yaro namiji a waɗannan shekaru yana shiga ɗakin mata, ya kuma zauna a zaure, don haka maganarsa takan samu masu sauraro biyu.

4.0 Rabe-raben Maganganun

4.1 Ƙiyasin nahawu

Jam'in suna a Hausa yana da sarƙaƙiya. Paul Newman, a nahawunsa na 2000, ya kasa shi ajujuwa fiye da goma. Wanda yaro ya fi saurin kamawa shi ne na taga da tagogi, mota da motoci, hanya da hanyoyi. Da zarar ya riƙe shi sai ya shafa wa kowane suna. Ya ga garke ya ce, "Inna, ga saniyoyi." Ranar hawan salla yana bisa wuyan mahaifinsa ya ce, "Baba, dubi dokokin Sarki, har da mai jan sirdi!" Manya za su fashe da dariya, domin jam'in doka suka ji. Amma yaron bai kwaikwayi kowa ba: ya ɗauki doki, ya bi ƙa'idar da ta ba shi motoci. Dawaki da shanu sai an haddace su, kuma haddar tana zuwa daga baya. Kuskuren shaida ce cewa nahawu ya fara zama a ƙwaƙwalwarsa.

4.2 Ɗaukar magana a zahirinta

Hausa tana ɗora wa aikatau irin su ci da sha da faɗi ma'anoni da dama. Babba ba ya ko lura. Yaro kuwa ma'anar farko ya sani. A ce kasuwa ta ci, ya ce, "Me ta ci?" A ce rana ta faɗi, ya ce, "Wa ya ture ta?" Ya ji an ce mahaifinsa ya ci bashi, ya ɓata rai don ba a rage masa ba. Tambayar rana ta dace da abin da Piaget ya bayyana, sai dai a nan harshen kansa ne ya ba yaron hujja.

Wani lokaci manya ne ke ɗana tarkon. Idan aka haihu, saboda kunya akan ce wa yaro an sayo masa ƙane. Bayan kwana biyu jariri ya hana barci, ya kuma ƙwace masa cinyar uwa, sai ya ce, "Inna, a mayar da shi a karɓo kuɗinmu." Wanda ya san yadda ake mayar da kayan da bai yi ba a kasuwa, ya san yaron ya yi lissafi daidai.

4.3 Tona asiri a bakin zaure

Mai bin bashi ya yi sallama. Maigida ya raɗa wa ɗansa abin da zai faɗa. Yaro ya fita ya ce, "Baba ya ce in ce ba ya nan." Gwajin Wimmer da Perner na 1983 ya nuna cewa sai wajen shekara huɗu zuwa biyar yaro ke fara gane cewa wani zai iya riƙe abin da ba gaskiya ba a ransa. Kafin nan, saƙo a wurinsa amana ne da ake isarwa dukkansa. Irin wannan ce ke sa ya tambayi uwarsa a gaban baƙi, "Inna, me ya sa ba ki faɗin sunan Yaya?" Ya lura da alkunyar ɗan fari tun ba a yi masa bayaninta ba. Wannan rukuni ya fi jawo dariya a cikin gida, ya kuma fi jawo faɗa idan a zaure aka yi.

4.4 Wasan jika da kaka

Nan ne kaɗai yaro ke ba da dariya da gangan. Kaka tana bakin murhu tana gyaran wake, jikanta ya shigo da ƙura har gira. Ta ce, "Maigida, ina kuɗin cefane?" Ya ce, "Na sake ki, ba ki da haƙori." Ta ce za ta kai ƙara wurin alƙali, ya ce alƙalin ma ba zai aure ta ba. Ta miƙa masa ƙuli-ƙuli, a shirya. Da mahaifiyarsa ya faɗa wa rabin wannan, da ya sha faɗa.

A. R. Radcliffe-Brown ya yi bayani a 1940 kan dangantakar da al'ada ke halatta zolaya a cikinta ba tare da fushi ba, kuma tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna irinta a gidajen Hausawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin zumunta na Nijar cikin kayan gadon ɗan Adam. Yaron Matamaye a gaban kakarsa yake fara koyon wannan fasaha, kafin ya yi ta da taubashinsa: yadda ake mayar da magana nan take, da sanin wanda ake wasa da shi da wanda ake sunkuyar wa kai.

4.5 Karon lakwal da kasuwa

A lakwal, wato makarantar boko, malami, wanda yara ke kira Mushe, yana koya wa yaro ƙidayar kuɗi da Faransanci, a kasuwa kuwa da dala ake lissafi, kowace dala faran biyar. An ba yaro ƙwandalar faran ɗari ya sayo rake. Mai rake ya karɓa ya ce dala ashirin ce. Yaro ya komo yana huci: "Baba, ya cuce ni. Mushe ya ce ɗari ce, shi ya ce ashirin." Ma'auni biyu ne aka ba shi, ba wanda ya haɗa masa su. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Maganganu irin wannan suna nuna wa masu tsara manhaja daidai inda gida da aji suka saɓa.

5.0 Tattaunawa

Dariyar gida tana aiki biyu. Tana gyara, domin yaron da aka yi wa dariyar dokoki ba ya sake mantawa da dawaki. Tana kuma zana iyaka, domin daga martanin mutane yake gane abin da ake faɗa a ɗaki da wanda ake faɗa a zaure. Damar tana da wa'adi. Wajen shekara bakwai, lokacin da makarantar allo ta kankama kuma aka fara tafiya da shi gona, maganar da a da ake cewa "yaro ne" sai ta koma rashin kunya. Akwai kuma bambanci tsakanin dariyar jin daɗi da ta izgili. Ta farko tana buɗe bakin yaro, ta biyu tana sa shi daina tambaya.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa maganganun nan suna da tsari, kuma suna bayyana yadda ake koyon Hausa da ladubbanta. Ana ba da shawarar sassan nazarin harsuna na jami'o'in Yamai da Damagaram, da takwarorinsu na Kano da Katsina, su tattara su da izinin iyaye, tare da rubuta shekarun yaro da wanda ya faɗa wa. A faɗaɗa aikin ga yara mata. Malaman azuzuwan farko kuma, idan yaro ya faɗi abin dariya, su fara tambayarsa yadda ya kai ga wannan amsa kafin su gyara masa.