Ƙidayar Kifi a Tabkunan Adar: Daga Sikeli zuwa Basirar Na'ura

A shekarar 2025 aka cika shekara 20 da shigar da tabkin Tabalak, wanda ba shi da nisa da Barmu, da tabkin Ɗan Dutsi cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke karewa, amma har yau ba a daina gardama ba kan yawan kifin da ya rage a cikinsu da kuma abin da ke rage shi.

Su ba tsohuwar sana'a ba ce a arewacin Adar, ƙasar gero da kiwo. Ɗan Dutsi ƙaramin tabki ne da ke ƙafewa da rani, sai da mamakon ruwan daminar 1974, wanda ya biyo bayan babban fari, ya cika kwarin ya mai da shi ruwan dindindin. Yawancin kifin waɗannan tabkuna, irin su ƙarfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, zuba shi aka yi daga wasu ruwaye, sannan masunta suka biyo shi da kalli da birgi. Ƙidayar kuwa ta faɗa hannun ma'aikatan gandun daji, waɗanda ke ba da takardar izinin su, suna kuma auna kamu da sikeli a bakin ruwa. Sai dai sikeli abin da aka fitar yake faɗa, ba ya faɗar abin da ya saura a ƙasa.

Wannan giɓi ne ya jefa masuntan kokwamban teku cikin wahala, wato wata dabba mai taushin jiki da ke kwance a ƙasan teku, wadda ake busarwa a sayar da tsada a ƙasar Sin. An kwashe ta har Papua New Guinea ta haramta kamunta a 2009, yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji kuma ta sa wasu nau'o'inta cikin kariya a 2019. Daga baya masu bincike a Ostareliya suka koma ɗaukar hoton ƙasan teku da jirage marasa matuƙi, suna koya wa kwamfuta gane dabbar da ƙirga ta, abin da ake kira basirar na'ura. Dabarar ta yi aiki ne domin dabbar ba ta cika motsi ba, ruwan kuma garau yake.

Ruwan Tabalak kuwa ruwan laka ne, kyamara ba za ta ga ƙarfasa a cikinsa ba, kuma a nan ne ya kamata masu ɗokin kwaikwayo su dakata. Masu ɗora laifi kan raga mai ƙananan idanu suna da gaskiyarsu, masu zargin baƙin masunta kuwa hujjarsu ba ta da ƙarfi, amma babban ciwon shi ne yashin da koramu ke sharowa daga tsaunukan da aka sare wa itatuwa, wanda ke cike tabkin shekara bayan shekara, ga kuma injinan ban ruwan albasa da ke zuƙarsa da rani. Raguwar ruwan kuwa na'ura tana iya auna ta, tun da taurarin ɗan Adam na Landsat suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, Sentinel-2 kuma tun 2015. Idan aka haɗa faɗin ruwan da hotunan ke nunawa da littafin sikelin gandun daji, za a san lokacin rufe su da yawan ƙananan kifin da ya dace a sake zubawa.