Matsayin Ƙwayoyin Koralikolid a Jikin Murjani: Nazari kan Yaɗuwarsu da Gadon Kulorofil

Gabatarwa

Murjani dabba ce mai rai, kuma cikinta cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani. An fi sanin gansakukar Symbiodiniaceae, wadda ke haɗa abinci da hasken rana ta ciyar da mai masaukinta. Wannan maƙala ta shafi masu bi mata a yawa, wato ƙwayoyin koralikolid, 'yan dangin Apicomplexa, dangin da ya haɗa Plasmodium mai haddasa zazzaɓin cizon sauro da kuma Toxoplasma. Upton da Peters sun bayyana wata ƙwaya ta wannan dangi mai suna Gemmocystis cylindrus a murjanin tekun Karibiyan tun 1986, Toller da abokan aikinsa suka gano wata alamar gado da suka kira "nau'in N" a 2002, amma sai a 2019 Kwong da Keeling da abokan aikinsu na Jami'ar British Columbia ta Kanada suka nuna ƙwayar da ke ɗauke da wannan alama a cikin tantanin cikin murjani. Tun daga lokacin wasu ke ɗaukarta baƙuwa marar cutarwa, ko ma mai amfani. Da wannan ra'ayi nake jayayya.

Hanyar nazari

An kwatanta rahotannin da aka buga daga 1986 zuwa 2024 ta fuskar wurin da aka ɗebo samfur, zurfin ruwa, da abin da aka samu a ƙwayoyin gado.

Sakamako da tattaunawa

Yaɗuwar ba ta da gardama. Rahoton 2019 ya same su a sama da kashi 80 cikin ɗari na samfura da kashi 70 cikin ɗari na jinsunan da aka duba, a duk manyan rukunonin murjani. Abin da ya rikita masana shi ne filastid ɗinsu, gaɓar da kakanninsu ke haɗa abinci da ita. Plasmodium ma yana da ragowar wannan gaɓa, amma ya zubar da duk abin da ya shafi kulorofil, sinadarin da ke kama hasken rana. Koralikolid kuwa sun riƙe ƙwayoyin gado huɗu na ƙera kulorofil: chlL da chlN da chlB da acsF. Nan masu kyautata musu zato ke kafa hujja, suna cewa halittar da ke ƙera kulorofil ba za a kira ta cima-zaune ba. Hujjar tana da rauni, domin filastid ɗin nan ba shi da ko ɗaya daga ƙwayoyin gadon da ke gina na'urar mayar da haske abinci. Kulorofil da ba a haɗa shi da wannan na'ura ba, ba ya ciyar da kowa. Hasali ma idan haske ya buge shi yana iya fitar da sinadarai masu lalata tantani. Sannan a 2020 Vohsen da abokan aikinsa sun same su a murjanin ƙasan Mashigin Tekun Meziko, a zurfin da rana ba ta kaiwa. Halittar da ke rayuwa lafiya a wannan duhu, a cikin tantanin wata dabba, daga jikin dabbar take ci. A ganina ƙwayoyin gadon nan huɗu shaida ce ta dangin da ke tsakiyar tafiya daga rayuwa irin ta Chromera velia, wadda aka bayyana a 2008 daga murjanin gaɓar Sidni kuma har yau tana haɗa abinci da haske, zuwa rayuwa irin ta Plasmodium.

Za a ce ai yawancin murjanin da ke ɗauke da su lafiyarsa lau. Haka ne, amma duk likitan da ya yi aiki a ƙasar Hausa ya san mutum na iya yawo da Plasmodium a jini ba tare da zazzaɓi ba, kuma ba wanda ya wanke ƙwayar saboda haka. Lokacin tsanani ake gane nauyin baƙo. Binciken Bonacolta da abokan aikinsa kan murjanin Paramuricea clavata na Bahar Rum ya nuna cewa murjanin da koralikolid suka fi yawa a jikinsa ya fi mutuwa idan ruwa ya yi zafi.

Iyakar nazarin

Dole a yarda cewa binciken Bahar Rum ya nuna tafiya tare ce kawai, bai tabbatar da sanadi ba, kuma ba a kai ga rainon waɗannan ƙwayoyi a ɗakin gwaji ba, balle a saka wa murjani mai lafiya a ga abin da zai faru. Wannan giɓi bai isa ya mayar da su abokan arziki ba. Ya kamata masu sa ido kan mutuwar murjani sakamakon ɗumamar teku su riƙa auna yawan koralikolid a kowane samfur, kamar yadda suke auna gansakuka.